Hoton da Mujtaba Ya Tura wa Yayana

Sallama gare ku, masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto, "Raihana, ko an ɗaura ne ba a gayyace mu ba?" Ba a ɗaura komai ba, 'yar'uwa. Kwana tara ke nan wayata tana kulle a akwatin Yaya Osman. Wannan ma da wayar maƙwabciyarmu Huseina nake rubuto muku, tana gefena tana tsinke lalo tana leƙen abin da nake rubutawa. Zan faɗa muku yadda aka yi, amma ku sani tun yanzu, ban zo don a ba ni haƙuri ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da huɗu, ina wani ƙauyen Hausawa gefen Hajj Abdalla, tsakiyar gonakin Jazira. Ina aji uku a jami'a a Madani yaƙi ya watsa mu, har yau ban koma ba. Baba ya rasu tun kafin nan. Mu huɗu ne a gida: ni, Umma, kakata Iya, sai Yaya Osman da ke riƙe da hawasha, wato gonar da Baba ya bar mana.

Sai kuma Mujtaba.

Kada wata ta ce an tilasta mini shi. Ni na zaɓe shi da idona biyu. Ranar da muka bar ƙauye da ƙafa muna gudun yaƙi, shi ya goya Iya ya tsallaka da ita babbar hanyar ruwa, ruwa har ƙirjinsa, tana ta zaginsa wai zai kayar da ita. Da muka dawo ya buɗe shago a kasuwa, ya ɗora faranti biyu na sola a kan rufi, rabin ƙauye a wurinsa suke cajin waya. Zobensa wata bakwai a yatsana. An ce bayan an cire dawa za a kawo kaya.

To wata uku da suka wuce, ina tsaye kan tudun bakin ruwa inda sabis ke ɗan kamawa, saƙon Sawsan ya shigo. Ɗakinmu ɗaya a jami'a, yanzu tana Alƙahira wurin kawunta.

"Ya zola, kina raye?" Ya zola, wato ke baiwar Allah, da Larabcin nan.

"Ina numfashi dai."

"Har yanzu kina ƙirƙiro ƙarya kamar da?"

"Labari ake cewa, marar kunya."

"Tamam. Muna neman mutum na biyar. Shigo ki gani."

Ta tura mini hanyar shiga wani zaure a Telegram. Na shiga na tarar da rubutu kamar littafi, amma mutane daban-daban ke rubuta shi, kowa da sakin layinsa. Na ce mata ban gane komai ba. Ta aiko murya ta minti shida, na saurare ta sau uku ina tuƙa asida.

Ga yadda abin yake. Akwai mai jan labari, mu namu Ziyad ne, wani malamin lissafi ɗan Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani. Shi zai rubuta inda ake da abin da ke faruwa: ga kogi ya cika, ga 'yan fashi a ƙetare, me za ku yi? Kowane ɗan wasa yana da mutum ɗaya da ya ƙirƙira, sai ya rubuta abin da mutuminsa ya ce da abin da ya yi. Naka kawai za ka motsa, ba ka da iko a kan na wani. In abin da kake son yi mai wuya ne, ba kai za ka ce ka ci nasara ba, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, wata 'yar manhaja ce ke jefawa a zauren. Lamba babba, ka dace. Ƙarama, Ziyad ya rubuta yadda ka sha ƙasa. Sawsan ta ce a wasu wurare kewaye teburi ake yi a zaune, amma mu da ke warwatse, wani ba wuta wani ba sabis, kowa yana da kwana biyu ya saka nasa. Akwai kuma ɗaki na biyu na hira kawai, can ake gaisawa da faɗa.

Ziyad ya turo mini tambayoyi huɗu. Sunanta? Sana'arta? Me ta iya? Me take tsoro?

Kwana uku ina kan waɗannan tambayoyi, wallahi ko jarrabawa ban taɓa yi wa haka ba. Na fara da gimbiya, na goge. Na yi mayaƙiya mai takobi, na ga ƙarya ta yi yawa. Daga ƙarshe na rubuta: Hindu, mai fito, shekara hamsin da biyar, ido ɗaya. Ta san kogi kamar tsakar gidansu. Ba ta tsoron kada, ba ta tsoron sarki, amma in ta ga kare sai ta hau bishiya.

Su da Larabci suke rubutu. Ni ma da shi na fara, amma da Hindu ta buɗe baki sai na ji ba za ta yi Larabci ba, Hausar Iya ce ta fito. Na saka, na sauko daga tudu da gudu kamar na yi sata. Washegari na tarar Ziyad ya rubuta a ɗakin hira: "Rabin abin da ta ce ban gane ba, sai da na kai wa mahaifiyata ta fassara mini. Don Allah kar ki canza."

Jifata ta farko kuwa, uku na samu. Uku cikin ashirin! Hindu da na cika baki a kanta ta kife jirgi a kan yashi, akuyar ayarin da take tsallakarwa ta faɗa ruwa. Kunya ta kama ni har na yi niyyar ficewa. Sai ga Ɗanlami, ɓarawon ayarin mai daɗin baki, ya yi tsalle ya ceto akuyar, ya dawo da ita babu ƙararrawar wuyanta. Na yi dariya ni kaɗai a kan tudu har masu wucewa da jakuna suka waiwayo. Ban tuna rabona da irin wannan dariya ba.

Ku riƙe wannan: mai rubuta Ɗanlami sunanta Widad. Mace ce, mai harhaɗa magunguna a Port Sudan, 'ya'yanta uku.

Daga nan na zama 'yar gida. Ina wanke-wanke ina tunanin abin da Hindu za ta yi. In kalma ta ɓace mini sai in je wurin Iya. Ranar da Ɗanlami ya fara yi wa Hindu daɗin baki don ta tsallakar da shi shi kaɗai da akwatin ayari, na same ta a kan angareb, gadonta na igiya, tana jan carbi.

"Iya, in ɓarawo ya kama hannunki yana miki zaƙin baki, me za ki ce masa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sai in ce mishi, ɗauke hannunka kahin in ɗauke ma shi."

Haka na rubuta, ban ƙara ko wasali ba.

Ran Laraba na kai wayata caji shagon Mujtaba kamar kullum. Ya san lambar buɗe ta, ni na ba shi tun da daɗewa, don ban taɓa ɓoye masa komai ba. Da yamma na karɓa, ya miƙo mini bai kalle ni ba. Na ce lafiya? Ya ce kansa ke ciwo. Har na ce masa ya sha karkade, wato zoɓo, mai sanyi. Ni da shirme!

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Umma ta leƙo ɗaki, idanunta jajir.

"Fito. Yayanki na kira. Mujtaba ma yana nan."

"Me ya faru?"

"Ke za a tambaya."

Na ga yadda take murza bakin tob ɗinta, wato lafayarta, na san ba alheri ba ne. Rigar aiki ce a jikina, duk gari. Na ce a raina, in shari'a za a yi mini, ba a haka zan tsaya ba. Na cire ta, na saka koriyar doguwar rigata mai aiki a hannu, wadda na ɗinka a Madani, na yafa farin mayafi, na ja kwalli. Umma ta ce, "Raihana, biki za ki?" Na wuce ta na fita.

A ƙarƙashin rumfa suke. Yaya Osman a kan kujera, Mujtaba gefensa cikin farar jallabiya da rawani, ya sunkuyar da kai. Iya a kan angareb. Tiren jabana, wato gahawa, a tsakiya, an zuba kofi uku ba wanda ya taɓa. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya na zauna a kan tabarma.

Yaya ya miƙo mini wayarsa. "Karanta. Da ƙarfi."

Hoton fuskar wayata ne, an ɗauka da wata wayar, har da inuwar yatsa a gefe. Na karanta:

"Ɗanlami ya kama hannunta ya ce, ki bar su duka, ki tafi da ni. Ni da ke kawai, kafin kowa ya farga mun yi nisa."

Nan hoton ya yanke.

"Wane ne Ɗanlami?" in ji Yaya.

Ku ji ni da kyau, masu karatu. Jimla ɗaya ce a bakina da za ta kashe maganar: mace ce, uwar 'ya'ya uku. Na ji ta a kan harshena. Amma na kalli Mujtaba, mutumin da na ba lambar wayata, sai na haɗiye ta.

"Yaya, kafin in amsa, wa ya ɗauki hoton nan?"

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ni na ɗauka," in ji Mujtaba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaushe?"

"Laraba."

"Laraba na tsaya a gabanka, na tambaye ka lafiya. Alhamis ka wuce ta ƙofar nan da raksha mai ƙafa uku ka ɗaga mini hannu. Kwana biyu. Bakinka ciwo yake da ba ka tambaye ni ba?"

"Raihana!" Umma ta daka mini tsawa daga bakin madafa.

"Me zan tambaya?" Ya ɗago, na ga idonsa ya faɗa kamar bai yi barci ba, kuma wallahi sai da tausayinsa ya taɓa ni. "Na gani da idona. Namiji yana ce miki ki gudu da shi."

"Ba ni yake ce wa ba. Hindu yake ce wa."

"Wace ce kuma Hindu?" in ji Yaya.

Na ciro wayata na buɗe zauren. Na yi musu bayani kamar yadda Sawsan ta yi mini: mai jan labari, mutum biyar, kwana biyu-biyu. Na ce ga abin da ke ƙasan inda aka yanke hoton. Na karanta da muryar Hindu, ban rage komai ba:

"Hindu ta dube shi da idonta ɗaya ta ce, ɗauke hannunka kahin in ɗauke ma shi. Sannan ta sa ƙafa ta tura shi ruwa."

Iya ta ajiye carbi. "Kai! Wanga ai maganata ce!"

"Taki ce, Iya."

"To ya hwaɗa ruwan?"

"An jefa ɗan ludo, na samu sha takwas. Ya faɗa har da hularsa."

"Madalla," in ji Iya. "Ɗan banza."

Na ɗauka za a yi dariya a tashi. Ina! Yaya ya kama kalma ɗaya. "Ɗan ludo? Caca kuke yi ke nan?"

"Ko sisi ba a sakawa, Yaya. Kai ma kana buga ludo da abokanka a bakin shago."

"Kar ki haɗa ni da ke. Akwai maza a ciki?"

Da na ce babu, da an wuce wurin. Na ce, "Akwai biyu. Ziyad mai jan labari, da wani Nasir. Mai rubuta Ɗanlami kuma mace ce, sunanta Widad, in kuna so ku kira ta ku ji kukan 'ya'yanta. Amma ko da namiji ne, abin da na rubuta shi na rubuta."

Na ga maganar ta shigi Mujtaba. Ya ɗauki kofin jabana ya mayar bai sha ba. Na jira. Kalma ɗaya nake jira, ya ce na yi kuskure, Raihana. Da ya faɗa, da yau ba wannan labarin kuke karantawa ba.

Abin da ya ce shi ne, "To shi ke nan, an gane. Ki goge zauren a gabanmu a wuce wurin."

"Don me?"

"Don matata ba za ta zauna tana rubuce-rubuce da mazan da ban sani ba. Hoton ma ya riga ya je wurin Hajja." Yana nufin mahaifiyarsa. "Dole in koma in ce mata kin bari."

"Ka tura wa Hajja ma?"

Ya gyaɗa kai.

Wato 'yan'uwa, kafin a kira ni rumfar nan, mahaifiyarsa ta gani, ƙannensa mata sun gani, kuma kun san ƙauye. Rabin hoto. Ni kuma ina can ina ce masa ya sha karkade.

Umma ta matso ta durƙusa kusa da ni, ta rage murya. "Raihana, ki dubi Allah. Wasa ne fa. Mutumin da ya goya Iya a cikin ruwa, za ki rasa shi a kan wasa?"

"Umma, ban manta ba, kuma ba zan taɓa mantawa ba. Amma shekara biyu ina gidan nan, daga madafa sai bakin ruwa. Jami'a ta tafi, ƙawayena sun watse. Wuri ɗaya ya rage inda ake jira a ji me zan ce. Shi zan goge don a rufe kuskuren da ba nawa ba?"

"Ki zaɓa," in ji Mujtaba. "Ko zauren, ko kayan nan ba za su zo ba."

Zoben ya ɗan matse ni, sai da na murza shi sau biyu. Na ajiye shi a kan tire, tsakanin kofi da kwanon sukari. Ƙararsa kaɗan ce, amma kowa ya ji.

"Ban ce ba na son ka ba," na ce masa. "Ranar da ka je ka nuna wa Hajja sauran hoton, ka dawo ka tambaye ni abin da ya kamata ka tambaya tun Laraba, zobe yana nan."

Ya miƙe, ya yi wa Iya sallama, ya fita bai ɗauka ba. Yaya Osman ya fizge wayar daga hannuna, na ji ƙarar kwaɗon akwatinsa daga ɗaki. Umma ta shiga madafa tana kuka. Ni ban yi ba. Sai da na shiga bayan gida na rufe ƙofa, sannan na yi mai isata, na wanke fuska na fito. Wannan ku kaɗai na faɗa wa.

Asabar da hantsi ina shara, abin da ke raina kunya ma nake ji in faɗa: ranar ce wa'adina na saka rubutu. Ayari yana tsakiyar kogi, 'yan fashi sun kunna wuta a ƙetare, kowa ya rubuta nasa, Hindu ake jira. Na ɗauko tsohon littafina na jami'a na rubuta a bayan shafi, ko ba komai in sauke shi daga kaina. Ashe ina karantawa a fili, Iya tana ji.

Iya ta kira ni. Yaya ya tafi gona, Umma ta shiga maƙwabta. Ta kwance ƙullin bakin tob ɗinta, ta ciro 'yar wayarta mai maɓalli, wadda ba ta san komai ba sai kira.

"Kin san lambar ƙawar taki da ka?"

"Na sani, Iya."

"To kira ta ki hwaɗa mata, ta rubuta miki. Mutane na cikin ruwa kin bar su."

"In Yaya ya ji fa?"

"Ni na haihi ubanshi."

Na kira. Sawsan ta ɗauka da ihu, na ce ta yi shiru ta ɗauko abin rubutu, kuɗin wayar Iya ba yawa. Na karanta mata sakin layi biyu, Iya tana gyara mini: "Ba haka mai hito ke magana ba, ce mata ta ce ku kwanta, ba ku sunkuya ba." Sawsan ta saka, aka jefa, sha ɗaya. Jirgi ya tsallaka, amma kibiya ta sami Hindu a kafaɗa. Iya ta ce ai da ma ta faɗa, a kwanta.

Har zan kashe, Sawsan ta ce, "Tsaya. Mujtaba ya nemi lambata, ya kira ni da safen nan."

Littafin da ke hannuna ya faɗi. "Ya ce me?"

"Wai in tura masa labarin duka, tun daga farko. Ya ce yana so ya karanta. Ya zola, muryarsa kamar mai zazzaɓi. In tura?"

Zuciyata ta ce tura, tura yanzu. Na dubi zoben, yana nan kan tagar Iya inda ta ajiye shi cikin kofin jabana.

"Kar ki tura. Ya sake zagayawa ke nan, jiya Yaya, yau ke. Ki ce masa mai labarin tana gidansu."

Kwana bakwai shiru. Ko a hanya ban gan shi ba, kuma ban aika ba. A bakin ruwa mata suna ganina su rage murya, ni kuwa in gaishe su da suna ɗaya bayan ɗaya har sai sun amsa.

Yau da safe ina tsugune gaban wuta ina yin kisra, wainar dawa mai faɗi, hayaƙi ya cika mini ido, na ji raksha ta tsaya a ƙofar gida. Sallama biyu na ji. Ta farko tasa ce. Ta biyu muryar mace ce babba, kuma ko a mafarki na san muryar Hajja.

Umma ta shigo madafa da gudu tana gyara tob. "Tashi! Tashi ki wanke hannu, har da mahaifiyarsa!"

Na ɗebo ƙullu na zuba a kan ƙarfen, na shafa shi ya yi faɗi.

"Raihana, me zan ce musu?"

"Ki shimfiɗa musu tabarma, Umma. Ki ce saura kisra shida."